Minti Goma Sha Biyar na Farko: Harbin Ƙudan Zuma da Rina a Yamai da Yadda Ya Kamata a Tunkare Shi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abin da ke faruwa a jikin mutum idan ƙudan zuma ko rina suka harbe shi, da irin kulawar da ta dace a ba shi a Yamai da kewayenta. Ta rarrabe tsakanin kumburin wurin harbi, da borin jiki gaba ɗaya wanda likitoci ke kira anafilaksi, da gubar da ke biyo bayan harbi mai yawa. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, ran mai anafilaksi yana hannun wanda ke tsaye kusa da shi da kuma majon cibiyar lafiya ta unguwa, domin lokacin da ciwon ke bayarwa bai isa a kai mutum babban asibiti ba.

Gabatarwa



Duk inda aka tayar da zancen dafi a Nijar, kunama da maciji ne ke fara zuwa baki, kuma da dalili. Likitocin yara na asibitin Agadas sun daɗe da rubuta irin ɓarnar da kunama ke yi wa ƙananan yara a arewa, ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun 2017. Ƙudan zuma ba ya cikin wannan sahu a zukatan mutane. Halitta ce mai daraja, da sura sukutum a Alƙur'ani mai sunanta, abin da take samarwa kuma magani ne a kowane gida. Bahaushe ya yi wa zuma kirari da ga zaƙi ga harbi, ya ɗauki harbin abin da ake daurewa, a shafa yawu a wuce. Ga mafi yawan mutane haka ɗin ne. Ga wasu ƴan kaɗan kuwa, harbi ɗaya tak ya isa ya tsayar da numfashi kafin a gama neman abin hawa.

A Amurka, hukumar CDC ta ƙirga mutum 1,109 da harbin zuma da dangin rina ya kashe daga 2000 zuwa 2017, wato kimanin 62 a shekara, kusan kashi 80 cikin 100 maza ne. Binciken da aka yi a Turai ya nuna tsakanin kashi 0.3 zuwa 7.5 cikin 100 na manya sun taɓa samun borin da ya game jiki bayan harbi. A nan gida, harbin ƙwari ba ya cikin cututtukan da ake kai rahotonsu mako-mako irin su ƙyanda da sanƙarau da kwalara, manomin da ya yanke jiki ya faɗi a gona aka yi masa sutura kafin la'asar kuwa ba ya shiga littafin kowa. Shirun littattafanmu ba shaida ce ta lafiya ba.

Masu harbin da inda ake gamuwa da su

Ƙudan zuman Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, an sa masa sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai da dabbobi a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18. Ya fi ɗan'uwansa na Turai saurin fushi, yana fitowa da yawa idan an taɓa gidansa, yana kuma bin mutum nesa. Wannan hali ne ya sa duniya ta san ƙudan zuman Afirka: a 1956 Warwick Kerr ya kai wani jinsi daga kudancin nahiyar zuwa Burazil don ƙara yawan zuma, suka kuɓuce a 1957, suka yi ta yaɗuwa har suka isa Texas a 1990. Dafinsu bai fi na Turai ƙarfi ba. Yawan masu harbin ne ya bambanta.

A Yamai ana gamuwa da su a lambunan bakin Kwara, daga Gudel zuwa Gamkalle da Saga da hayin Harobanda, da cikin dogon yaron da aka dasa ya kewaye birni tun shekarun 1960, da kogon kuka, da silin ɗin ajin makaranta ko na masallaci. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙishirwa kan kawo su bakin randa da famfo, su yanyame tiren mai mangwaro da robar mai zoɓo. Zumar da ake sayarwa a kasuwannin birni kuwa, mai yawa daga cikinta ta Makalondi ce da Tamu da ƙauyukan gefen gandun dajin W irin su Moli Hausa, da Gaya. Can ne masu amya suke, masu hawa itace da dare da baƙin wuta a hannu, galibi ba riga ba safar hannu.

Rina ita ce mai rataye gidanta na takarda a ƙarƙashin rumfa ko bayan taga, kuma yara ne suka fi shan harbinta saboda jifa. Zanzaro mai ginin laka a kusurwar ɗaki ba kasafai yake harbi ba. Bambancin da ya shafi mai jinya shi ne ƙarin zuma yana da ƙayoyi, yakan maƙale a fata tare da jakar dafin, ƙudan ya tashi ya mutu. Ƙarin rina santsi gare shi, tana zare abinta ta sake harbi.

Duk wanda ya duba da kyau zai ga ƴar farar jakar nan da ke bisa ƙarin tana motsi, tana matsewa tana saki, ƙudan kuma ya riga ya tafi. Dafi take ci gaba da turawa. An auna an ga kusan kashi 90 cikin 100 yana shiga cikin daƙiƙa 20 na farko. An daɗe ana koyar da cewa kada a tsinke ƙari da yatsu, sai dai a kankare shi da wuƙa ko kati. A 1996 Visscher da Vetter da Camazine suka gwada hanyoyin biyu, suka buga sakamakon a mujallar Lancet: babu bambanci tsakaninsu, jinkiri ne kaɗai ke ƙara kumburi. A cire da farce nan take. Wurin harbin kuma yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran, shi ya sa barin wurin ya zama tilas.

Harbi ɗaya na zuma yana zuba mikrogiram 50 zuwa 140 na dafi. Kusan rabinsa melitin ne, mai fasa ƙwayoyin jiki da kawo raɗaɗi. Sai fosfolifes A2, wanda bai wuce kashi 10 zuwa 12 ba, amma shi ne garkuwar jiki ta fi riƙewa a rai.

Kumburin wurin harbi

Ba zan daɗe a nan ba. Zafi, ƙaiƙayi, ɗan kumburi na ƴan awoyi. A wanke da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a cire zobe ko awarwaro kafin hannu ya cika, a sha parasitamol. Ƙanƙarar leda tana nan a kowace unguwa, kuma ta fi laka da toka da kanwa da garin taba da ake shafawa amfani. Dafin yana ƙarƙashin fata, abin da aka shafa a sama ba ya cim masa, laka kuwa datti take sa wa rauni.

Akwai kumburin da ya fi haka: ya wuce santimita 10, ya yi ta ƙaruwa kwana ɗaya zuwa biyu, ya ɗauki kwana 5 zuwa 10 kafin ya saɓe. Harbi a yatsa, hannu ya kumbura har gwiwa. Yana tsorata iyaye, mu ma'aikatan lafiya ma yakan ruɗe mu mu rubuta amoksisilin da zaton ƙwayar cuta ce ta shiga. Kumburin da ya taso a ranar farko ko ta biyu ba na ƙwayar cuta ba ne, maganin ƙaiƙayi irin su setirizin da ɗaga hannun sun wadatar. Mai irin wannan kumburi, haɗarin ya samu anafilaksi nan gaba bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Inda ba a wasa shi ne harbin cikin baki ko maƙogwaro, kamar wanda ya kurɓi lemo da ƙuda a cikin kwalba. Wannan a ba shi ƙanƙara ya tsotsa a wuce da shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin kumburi kaɗan a can ya isa ya toshe hanyar iska. Harbin ƙwayar ido kuma na likitan ido ne.

Anafilaksi

A 1902 Paul Portier da Charles Richet suna ƙoƙarin yi wa karnuka rigakafin dafin wata halittar teku. Karen da ya jure allurar farko lafiya, da aka ba shi kaɗan bayan makonni sai ya mutu cikin ƙanƙanen lokaci. Aikin ya sa aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Sai a 1966 zuwa 1967 Kimishige da Teruko Ishizaka a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwar da ke haddasa abin, wanda aka sa wa suna IgE. Harbin farko yana sa jikin wasu ya ƙera IgE, ya ɗora shi kan wasu ƙwayoyi da ake kira mast. Idan dafin ya dawo, ƙwayoyin nan su zazzage histamin da ƴan'uwansa lokaci guda a ko'ina. Saboda haka maganar nan ta "ai zuma ta sha harbina ban taɓa jin komai ba" ba kariya ba ce. Harbin baya shi ne sharaɗin ciwon.

Mu ƙaddara wani mai lambu, magidanci ɗan shekara arba'in da wani abu, yana tsinkar mangwaro a Saga da hantsi. Ƙuda ɗaya ya harbe shi a wuya. Ya cire ƙarin ya ci gaba da aiki. Bayan minti biyar tafin hannunsa da tafin ƙafa da hammata suka kama ƙaiƙayi. Ya ce wa ɗansa cikinsa na murɗawa, ya yi amai, muryarsa ta dishe, ya ce duhu yake gani, ya zube a gindin itace. Yaron ya ce, "Baba, daure ka tashi mu tafi likita." Maƙwabta suka ciccibe shi suka zaunar a kan babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da shi.

A wannan ciccibar ce ake rasa mutane. Histamin ya sa jijiyoyin jini sun saki sun buɗe, ruwan jini yana tsiyayewa cikin tsoka, har kashi 35 cikin 100 na iya fita cikin minti 10. Muddin mutumin yana kwance, ɗan abin da ya rage yana komawa zuciya. Da zarar an miƙar da shi, jinin ya gangara ƙafafu, zuciya ta zama kamar injin ban ruwa da aka ɗaga tiyonsa daga rijiya, yana ƙugi ba ya fitar da komai. Richard Pumphrey, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin mace-macen anafilaksi a Ingila, ya nuna a 2003 cewa wasu sun cika cikin daƙiƙoƙi bayan an zaunar da su ko an tsayar da su. Shi ne kuma a 2000 ya fitar da adadin da na sa a taken takardar nan: tsakanin harbi da tsayawar zuciya ko numfashi, matsakaicin lokaci minti 15 ne. Na abinci minti 30, na allurar asibiti minti 5. Duk wanda ya san cunkoson Yamai da rana tsaka ya san inda minti 15 ke kai mutum daga Saga.

Abin da ya kamata maƙwabtan nan su yi bai buƙatar ko dala. Su bar shi kwance a bayansa, su ɗaga ƙafafunsa kan buhu ko bokiti, su nemi amalanke ko a-daidaita ko motar da zai kwanta a ciki, wani ya kira 15 ko 18, wani ya ruga cibiyar lafiya mafi kusa ya sanar. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya ɗan jingina da ƙafafu a miƙe, amma kada ya tsaya, kada ya taka. Mai amai ko wanda ya suma a kwantar da shi a gefe, mai ciki a gefen hagu. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko jiƙo.

Da isarsu cibiya, yaron zai ce, "Majo, zuma ce ta harbe shi, sai ya ce kansa na juyawa." Wannan jimla kaɗai ta isa. Ƙa'idar Ƙungiyar Masana Borin Jiki ta Duniya ta 2020 ta ce anafilaksi ne idan alamun fata sun taso farat ɗaya tare da matsalar numfashi, ko faɗuwar jini, ko ciwon ciki da amai mai tsanani. Haka kuma anafilaksi ne idan bayan harbi jini ya faɗi ko ƙirji ya sarƙe ko maƙogwaro ya shaƙe, ko da fata ba ta nuna komai ba. Mutum 1 zuwa 2 cikin 10 ba sa nuna komai a fata, kuma sau da yawa su ne ciwon ya fi tsananta a kansu. A nan akwai abin da littattafan da muka karanta ba su taimake mu ba. Hotunansu na farar fata ne, jajayen tabo ɓaro-ɓaro. A baƙar fata jan ba ya fitowa. Borin jini sai an shafa da hannu a ji tudunsa, ko a haska fitila daga gefe, a duba leɓe da fatar ido da harshe. Wanda ya jira ya ga ja zai rubuta zazzaɓin sauro ko bugun rana, dangi kuma su ce iska ce. Suman tsoro daban yake: bugun jini yana yin sanyi-sanyi a hankali, ba ƙaiƙayi, ba dishewar murya, kuma mutum na farfaɗowa da an kwantar da shi. A anafilaksi bugun yakan yi sauri ya yi rauni.

Maganin adirenalin ne, a tsokar cinya ta waje, tsakanin ƙugu da gwiwa. Daga kwalba mai miligiram 1 a mililita 1, babba da wanda ya wuce shekara 12 a ba shi mililita 0.5, ɗan shekara 6 zuwa 12 mililita 0.3, ɗan wata 6 zuwa shekara 6 mililita 0.15. In an san nauyi, miligiram 0.01 ne ga kowane kilo, kada a wuce 0.5. In bayan minti 5 bai sauya ba, a sake. Aikin Estelle Simons a Kanada ya nuna allurar cinya ta fi ta ƙarƙashin fata da ta dantse saurin kai maganin jini. Bayan haka sai iskar oksijin in akwai, da ƙarin ruwan gishiri da gudu, mililita 500 zuwa 1,000 ga babba, 10 zuwa 20 a kowane kilo ga yaro, da salbutamol ga mai sarƙewar ƙirji. Tsufa ko hawan jini ko juna biyu ba sa hana wannan allura.

Kowa a cikinmu ya san abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a irin wannan hali: deksametazon ko haidirokotizon, sai Phenergan. Magungunan nan ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi. Kotizon yana ɗaukar awoyi kafin ya fara aiki, har majalisar da ke tsara ƙa'idojin farfaɗo da majinyata a Birtaniya ta cire shi daga matakin farko a 2021. Phenergan kuwa yana sa barci yana ƙara sauke jini, wato yana ɓoye alamun da muke buƙatar gani. In an yi wa mutum deksametazon ya tashi, mafi yawanci jikinsa ne ya farfaɗo da kansa, mu kuma mu ɗauki yabon, mu ƙara sakankancewa da hanyar da wata rana za ta ci mu.

A ganina tsoro ne tushen abin. An koya mana adirenalin a matsayin maganin wanda zuciyarsa ta tsaya, abin da sai likitan ɗakin tiyata ke taɓawa. Tsoron yana da asali: in aka tura shi a jijiya ba a sirka ba, yana rikita bugun zuciya, yana iya kisa. Amma wannan laifin hanya ne. A tsoka, abin da mutum zai ji bai wuce rawar jiki da faɗuwar gaba da ciwon kai na ɗan lokaci ba. Ƙa'idar da nake roƙon a manna a bango ita ce, a cibiyar da ba na'urar bin bugun zuciya, adirenalin na cinya ne kawai. A kuma karanta jikin kwalba, domin a kasuwar ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai mai miligiram 0.25 da mai 0.5 da mai 1 a mililita guda. Sirinjin mililita 1 ake so, da allura mai tsawon da zai kai tsoka, ta insulin ta yi gajarta.

Wanda ya farfaɗo kada a sallame shi don ya ce ya warke. Kimanin mutum 1 cikin 20 ciwon kan dawo musu bayan awoyi ba tare da sabon harbi ba. A riƙe shi awa 6 zuwa 12, wanda ya sha allura biyu ko mai asma ko mai gida nesa ya kwana.

Harbi mai yawa

Wannan ciwo ne daban, kuma ba ruwansa da IgE. Yaro ya jefi amya, ko garma ta tono gida, ko guguwar farkon damina ta kayar da reshe, ɗaruruwa suka rufe mutum. Yawan dafin ne da kansa ke narka tsoka yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, tarkacen ya je ya toshe ƙoda. Daga harbi 50 ga babba ana iya ganin alamun guba, ga yaro ƙasa da haka sosai, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na adadin da ke kisa shi ne harbi 19 a kowane kilo na nauyin jiki. A lardin Shaanxi na ƙasar Sin, wata babbar rina ta kashe mutum 42 a 2013, ta jikkata fiye da 1,600, da yawansu ta hanyar lalacewar ƙoda da sauran gaɓoɓi.

Yaudarar wannan ciwo ita ce jinkirinsa. Mutum zai zo da ƙafarsa yana magana, a tsince masa ƙari, a yi masa allurar kashe zafi ya koma gida. Washegari fitsari ya yi duhu, ya ragu, ya ɗauke. Saboda haka duk babban da harbinsa ya kai 50, da duk yaro ko tsohon da aka yi wa rubdugu, a kwantar da shi aƙalla awa 24, a ba shi ruwa sosai, a riƙa auna fitsari ana duba launinsa, a gwada kiriyatinin da fotasiyam. A nisanci diklofenak da ibufurofen da jentamisin, domin ƙodar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin kaya. Wanda fitsarinsa ya fara raguwa a tura shi da wuri inda ake wankin ƙoda, kamar asibitin Amiru Bubakar Diallo na Lamorde, tun kafin fotasiyam ya taɓa zuciya. Maganin karya dafin zuma bai shiga kasuwa ba tukuna, kodayake masu bincike a Burazil sun buga sakamakon gwajin farko kan mutum 20 a 2021.

Ga jama'a, saƙon gajere ne: a rufe fuska da riga, a gudu a miƙe, a shiga ɗaki ko mota a rufe. Kaɗa hannu yana ƙara tunzura su. Faɗawa kogi ba dabara ba ce, suna jira a sama, ga kuma haɗarin nutsewa.

Adirenalin a ƙasa mai zafi

Adirenalin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kwalbarsa ba ta da tsada. Abin da ke da tsada shi ne alƙalamin allura irin EpiPen da majinyaci ke yawo da shi, wanda wani ƙiyasi na 2017 ya nuna ana samunsa a kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙasashen duniya, galibi masu arziki. A 2024 Amurka da Tarayyar Turai sun amince da wanda ake fesawa a hanci, amma mu kam da kwalba da sirinji za mu yi aiki na wani lokaci.

Kwalbar ba ta son haske, ba ta son zafin da ya wuce digiri 25, ɗakin magani mai rufin kwano kuwa kowa ya san yadda yake da azahar. Ruwan ya kamata ya kasance garai. In ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, ko da ɗigo-ɗigo a ciki, a sauya shi. Masu rigakafin yara sun riga sun saba riƙe adirenalin saboda abin da ka iya biyo bayan allura, don haka ba sabon abu ake nema ba. Abin nema shi ne ƙaramin akwati guda a ɗakin duba marasa lafiya, ba a kulle a ofishin da mai mabuɗinsa ya tafi sallah ba, a ciki kwalba biyu ko uku, da sirinji, da takardar awo bisa shekaru, da ranar da aka duba shi. Duk wanda ke gadi ya san inda yake, har ungozoma.

Masu amya su ne matsalar da ta fi wuya. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna borin jiki gaba ɗaya ya fi yawa a cikinsu da iyalansu fiye da sauran jama'a, abin mamaki kuma waɗanda ake harbi jefi-jefi sun fi shiga haɗari bisa waɗanda ake harbi ɗaruruwa a shekara. Babban da ya taɓa yin anafilaksi, haɗarin ya sake yana tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100. A Turai da Amurka ana yi wa irinsu allurar saba wa jiki da dafin, hanyar da likitocin Johns Hopkins suka tabbatar da ingancinta a 1978. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, tana kare kashi 77 zuwa 84 cikin 100 a dafin zuma, 91 zuwa 96 a na dangin rina. Mai amyar Makalondi, mai tazarar kusan kilomita 100 daga Yamai, a yankin da rashin tsaro ya sa aka taƙaita hawan babur a farkon 2020, ba wannan ce a gabansa ba. In ya taɓa faɗuwa bayan harbi, gaskiyar da za mu gaya masa ita ce ya bar hawa itace, ya koma tace zuma da sayarwa, ɗa ko ƙane ya karɓi hawan. Magana ce mai nauyi ga mutumin da sana'ar gado ce, amma a faɗa masa ita a gaban iyalinsa, a rubuta masa a katin asibiti da manyan baƙaƙe, a kuma sake duba magungunansa in yana shan irin su atenolol ko furofaranolol, domin suna iya rage tasirin adirenalin.

Ga waɗanda ba yadda za a yi su bari, akwai hanyar cika sirinji da awon mutum a ba shi ya ajiye. Simons da abokan aikinta sun gwada iyaye a 2001, suka ga ba sa iya zuƙo awo daidai daga kwalba cikin gaggawa, don haka cikawa tun da wuri ya fi. Amma a 2009 Rawas-Qalaji da su Simons suka ajiye irin waɗannan sirinji a zafin digiri 38, suka tarar ƙarfin maganin yana raguwa bayan wata biyu zuwa uku, kuma ya fi saurin raguwa a busasshiyar iska, wato irin tamu ta hunturu da bazara. Shawarata ita ce a bi ta ƙungiyoyin masu zuma, waɗanda dama ana horar da su kan amyar zamani da rigar kariya. A zaɓi mutum biyu a kowace ƙungiya, majon cibiyar da ke kusa ya koya musu alamun da allurar cinya, ya cika musu sirinji a sa a bututu mai duhu a farkon lokacin ɗibar zuma, su dawo da shi bayan wata biyu a sauya. A wannan dawowar ce majon zai tambaye su wa aka harba, wa ya faɗi, wa aka yi wa allura, ya rubuta a layi na musamman a littafinsa, da shekarun mutumin da irin ƙwaron da mintin da aka ɗauka kafin allura.